Jajayen Turaku a Garkar Shatu

Ranar Litinin da sassafe, cikin sanyin watan Janairu na 2018, Shatu ta iso garkarta da guga a hannu ta tarar da turke tsaye a bakin rijiya, kansa shafe da jan fenti. Ta ɗaga ido ta hango wani, ta hango wani kuma. Sun ratsa tata garkar sun bi ta sauran bakwai har bakin tafki. A jikin dabinon da ke ƙofar darni an kafe takarda da ƙusa, rubutun Faransanci, ga kashe, wato hatimin hukuma, a ƙasa.

Garake takwas ne a wurin, gabas da Zinder, kuma tata ce kaɗai ta mace. Mijinta ne ya haƙa rijiyar shekara ashirin da suka wuce, ya rasu ya bar mata ita da fangali goma sha biyu na salati da shu, wato kabeji, da tumatur. Da garkar nan take ci, da ita take riƙe jikoki uku. In ta tafi, Shatu ba ta da wani abu a duniya.

Kafin hantsi duk masu garake sun taru. Baba Ari, shugabansu, wanda ya ɗan taɓa lakwal, wato boko, a ƙuruciya, ya karanta takardar yana girgiza kai. Ya ce gwamnati ta karɓi wurin za ta gina tashar mota, an ba su kwana goma su kwashe. Ya ce shi dai ya ga jiya ya ga yau, ba a ja da takarda mai kashe. Amma ya san wani mai hali da zai sayi garaken haka nan, ya je can ya ƙarata da hukuma. Gara su dangwala hannu ranar Alhamis su sami ɗan abin da ya samu da su tashi hannu rabbana. Maza biyar suka amince nan take.

Shatu kuwa ta nufi dabinon. Ta zare ƙusar, ta ninke takardar ta soke a bakin zane, ta fita titi ta tare kabu-kabu, sai komisariya, ofishin ƴan sanda.

Insifekta Abdul'aziz ne ya karɓe ta. Shekararsa goma sha biyu a aiki, mutum ne mai saurin gane abu, kuma ya san da hakan, wanda shi ne ɗan aibinsa. Ya kalli takardar ta saman kofin shayi, ya tura mata abarta.

"Inna, wannan ba maganar ƴan sanda ba ce. Takardar hukuma ce, ga kashe nan."

"Ɗana, ina diyyata?"

"Wace diyya?"

"Aya ta ashirin da takwas ta kundin tsarin mulki. Ba a raba mutum da abin da ya mallaka sai don amfanin jama'a, kuma sai an fara biyansa diyya ta adalci. A fara biya, sannan a karɓa. An karanta mana takardar nan daga sama har ƙasa, ban ji inda aka ce diyya ba. To ko gwamnati ta taka kundin da ya kafa ta, ko kuma ba ita ta rubuta ba. Ko wanne ne, a rubuta ƙarata."

Insifekta ya ajiye kofin. Ayar nan ya taɓa haddace ta don jarrabawa a makarantar ƴan sanda, ya kuma bar ta can tare da jarrabawar. Kunya ta kama shi, gaskiyar magana, ga tsohuwa da taɓo a dugadugi tana tuna masa karatunsa. Ya tambaye ta inda ta samo wannan. Ta ce wajen Madam Lidiya, a Sabon Gari. Duk Alhamis da safe mata na taruwa a rumfarta koyon karatu, kuma kafin a tashi takan ɗauko ɗan littafin tsarin mulki ta karanta aya ɗaya, ta mayar musu da Hausa, su yi ta musu a kanta har azahar.

Ya jawo takardar ya sake dubawa, wannan karo da idon aiki. Fotokopi ce, kashen baƙi ne kamar rubutun. Ya rubuta ƙarar, har da zancen Baba Ari da sayarwar ranar Alhamis, ya hau babur ya nufi meri, ofishin magajin gari. Minti ashirin suka ishe shi. Babu wata arete, wato takardar umurnin hukuma, irin wannan a rajistar bana, babu a ta bara, kuma babu wanda ya taɓa jin zancen tashar mota a bakin tafki. Takardar ta bogi ce.

Da ya gaya wa Shatu ba ta yi ko murmushi ba, ta ce ai ta san mai aikin: Hassan dillalin filaye ne, wanda ya zo mata sau biyu yana lallaɓar ta ta sayar. In ba shi ba, to Nomau ne, lebura wajen masu awon fili, an sha ganinsa da jan fenti a hannu. Ya tambaye ta Baba Ari fa? Ta harare shi. Ta ce Ari aminin mijinta ne, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Insifekta ya roƙe ta ta kama bakinta har Alhamis, kowa ya ci gaba da ɗauka takardar ta gaske ce.

Ranar Talata da safe ya je garake, ya ce an turo shi ne ya ga an tashi lafiya ba hayaniya. Wurin ya yi tsit kamar gidan rasuwa. Wasu ko ban ruwa ba su yi ba, wani kuma yana tuge albasar da ba ta ƙosa ba don kada ya yi asara duka. Insifekta ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya, guda ashirin da uku. Ya tsaya a na farko ya saita ido zuwa na ƙarshe, ya ga layin ya karkace nan, ya lauje can. Ya tsuguna ya duba. Kowane turke a kan kunya yake, tsakanin fangali da fangali. Ko ganyen salati ɗaya ba a taka ba.

A garka ta ƙarshe ya tarar da Baba Ari duƙe yana dasa irin albasa, ga tsibin taki ɗanye a gefe, sawun amalanke bai ko bushe ba. Tsoho ya miƙe ya gaishe shi da fara'a, ya ce hannu ne ya saba, ba ya iya zama. Ya yaba wa hukuma da ta turo mutum, ya cika masa leda da tumatur. Insifekta ya yi godiya, ya ce likita ya hana shi tumatur, ya wuce.

Da ya koma, Nomau ne Insifekta ya fara kira. Ya shigo komisariya a tsorace, farcensa ja wur.

"Ina ka kwana ranar Lahadi?"

"A Takieta, ranka ya daɗe. Tun Asabar muna awon filin kasuwa, sai jiya da yamma muka dawo."

"Wa zai shaida?"

"Mai gidana da direba."

"Fentin nan fa?"

"Na turakunmu ne na can."

Insifekta ya nuna masa hoton turakun garake a salula. Nomau ya duba, tsoron ya sake shi, har ya yi tsaki. Ya ce wannan ba aikin awo ba ne. Su igiya suke ja, inda ta faɗa nan turke zai shiga, ko cikin tukunyar mutum ne. Wanda ya kafa waɗannan tausayin shuka ya hana shi miƙe layi. Aka buga wa mai gidansa waya, ya tabbatar da zancen Takieta. Aka sallami Nomau.

Hassan dillali kuwa a rumfarsa ta bakin kasuwa ya same shi, cikin farar shadda, salula biyu a gabansa. Bai musa ba cewa yana son wurin. Ya ce wa zai ƙi fili mai ruwa a Zinder? Amma ya rantse bai san takardar ba, kuma ba shi ne mai halin da ake cewa zai saya ba. Ba shi da shaidar inda yake ranar Lahadi sai matarsa. Insifekta ya ga jakarsa cike da takardun filaye, ya ari arete uku daga ciki. Hassan ya ba shi yana gumi. A ransa Insifekta ya riga ya ɗora masa rabin laifin, sauran rabin ne turakun suka hana shi ɗorawa, don hannun Hassan bai yi kama da wanda ya taɓa riƙe fartanya ba.

Bayan la'asar ya nemi gidan Madam Lidiya. Dattijuwa ce ƴar gajera, shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a biron gwamnati kafin ta yi ritaya. Ta dawo daga taron mata na coci ke nan, ko ɗankwali ba ta sauya ba. Ya shimfiɗa mata takardu huɗu a tebur, ta bogin da ukun Hassan. Ta sa tabarau, ta karanta layi uku na sama kawai, ta kwashe da dariya.

Ta ce masa ya matso. Ta ce kowace arete a ƙasar nan, kafin ta ba da umurni, sai ta fara faɗin inda ta samo iko, kuma layin farko kullum ɗaya ne: bisa la'akari da kundin tsarin mulki na rana kaza. Ta ce ba ado ba ne, shi ne gwamnati ke cewa ga wanda ya ba ni izini, ba don shi ba ni ba kowa ba ce. Ta ɗora yatsa a takardun Hassan, duka ukun 25 ga Nuwamba 2010, kundin jamhuriya ta bakwai da ake ciki. Ta ɗora a ta bogin.

"Karanta, Insifekta."

"Tara ga Agusta 1999."

"Na jamhuriya ta biyar. Ya daɗe da kwantawa. Babu sakataren da zai yi wannan kuskure, yatsunsa ma ba za su yarda ba. Dillalinka kuwa jakarsa cike take da sababbi, in zai kwafa ai cikinsu zai ɗauka. Mai aikin nan takarda ɗaya tak yake da ita a gida, tsohuwa, kuma bai san layin farko na tsufa ba."

Ta sake nuna masa ƙasa. Aya ta ɗaya, ta biyu, sai ta huɗu. Ya yarda ya gani tun jiya, ya ɗauka kuskuren bugu ne. Ta ce a irin wannan arete aya ta uku ita ce ta diyya. An cire ta ne da gangan, aka manta a gyara lamba. Ke nan mutumin ya san da diyya sarai, wataƙila ma ya taɓa karɓa.

Ranar Laraba suka shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na meri tare. Madam Lidiya ta san yadda ake jera su, ta ce a bar komai a sauko da na shekarun wancan kundin, na karɓar filaye kawai. Ba su da yawa. Kafin azahar suka same ta: arete ta 2006, ta karɓar gonaki a gefen hanyar Takieta, kalma da kalma irin ta bogin, sai sunan wuri da kwanan wata. Kashen ma a karkace yake daidai yadda na fotokopin ya karkace. Ga aya ta uku da diyyarta. A baya akwai sunayen mutum goma sha ɗaya da aka biya, kowa ya karɓi kwafi ya sa hannu. Insifekta ya bi sunayen da biro, ya tsaya a na bakwai. Bai yi mamaki ba, amma ya tausaya wa Shatu.

Ranar Alhamis bayan la'asar masu garake suka taru ƙarƙashin dabino. Baba Ari ya shimfiɗa tabarma, ya jera takardun sayarwa, ya buɗe tawadar dangwale. Mutum na farko ya riga ya miƙa babban yatsa sa'ad da motar komisariya ta tsaya. Insifekta ya fito da ƴan sanda biyu, sai Madam Lidiya, sai Shatu. Ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarmar, ya juya takardun sayarwar zuwa gabansa.

"Baba, kwana nawa aka ba ku?"

"Goma, ranka ya daɗe."

"Albasa wata nawa take yi bayan dashe?"

"Uku, ko fiye."

"Ranar Talata na same ka kana dasawa, ga taki sabo. Wa zai tuge ta?"

"Na ce maka hannu ne ya saba."

"An taɓa karɓar maka gona?"

Tsoho ya ce an daɗe, ya manta.

"A 2006, hanyar Takieta. An biya ka kafin ka tashi ko bayan ka tashi?"

"Kafin."

"To me ya hana ka gaya wa ƴan'uwanka ranar Litinin cewa haka ake yi?"

Insifekta ya ɗaga takardar sayarwa ɗaya ya karanta sunan mai saye da ƙarfi: Umar Ari. Kowa a wurin ya san Umar, babban ɗan tsohon ne, wanda ya dawo daga Libiya bara da injin ban ruwa da ba shi da inda zai kafa.

Sannan ya yi musu bayani a tsanake. Ya ce Shatu ce ta fara gane takardar ba ta da diyya, meri kuma ta tabbatar ba tata ba ce. Turakun sun kauce wa shuka, ke nan mai garka ne ya kafa su, ba mai awo ba, ba dillali ba. Layin farko na takardar ya ambaci kundin da aka daina aiki da shi, ke nan daga tsohuwar arete aka kwafa, kuma cikin mutum goma sha ɗaya da suka karɓi waccan arete, mutum ɗaya ne kaɗai ke da garka a nan. Shi ne kuma kaɗai bai daina aiki ba, don shi kaɗai ya san babu wanda zai tashe shi.

Baba Ari ya sunkuyar da kai. Ya ce ya kai tsohuwar takardar wani shagon bugu a cikin gari, ya faɗi abin da za a sauya da abin da za a cire, aka haɗa da kashen a injin fotokopi. Ya ce ɗansa bai san yadda aka yi ba. Da Insifekta ya tambaye shi yadda ya yi tsammanin abin zai wuce, sai ya ce a hankali:

"Shekarata saba'in ban taɓa ganin talaka ya tambayi takarda mai kashe ba."

Wanda ya tuge albasarsa ɗanya ne ya fara zabura, da fartanya a hannu, sauran suka biyo shi. Ƴan sanda biyu ba za su iya da maza shida masu zuciya a wuya ba, Insifekta ya san haka, har ya miƙe yana neman abin faɗa. Shatu ta riga shi. Ta shiga tsakani ta tsaya gaban Ari, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa.

"Babu mai taɓa shi. Ni ya fi cuta a cikinku, mutumin nan shi ya karɓi gawar mijina a kabari. Amma aya ta ashirin ta ce sai an kai mutum gaban alƙali, a bainar jama'a, ya kare kansa, sannan a ce mai laifi ne. Littafin da ya tsare mini garka shi zai tsare masa baya. Ba za mu ɗauki ayar da ta yi mana daɗi mu bar sauran ba."

Fartanyar ta sauka. Wani daga baya ya tambaya, cikin jin kunya, ko maza ma na iya zuwa karatun Alhamis. Madam Lidiya ta ce rumfar ta kowa ce, kowa dai ya zo da tabarmarsa.

Insifekta ya tattara takardun, ya gaya wa Ari laifin da ake tuhumarsa da shi, ya kuma gaya masa yana da damar neman lauya. Ya sa aka tuge turakun don shaida, aka loda a bayan mota. Da suka zo wucewa tsoho ya tsaya kusa da Shatu, kansa a sunkuye. Ita ma ba ta dube shi ba. Zuciyarta ba ta huce ba, kuma ba ta yi kamar ta huce ba.

Motar ta tafi, mutane suka watse, kowa ya ruga ga shukar da ya bari kwana huɗu ba ruwa. Shatu ta take ramin turken da ke bakin rijiya da dugadugi har ya cike, ta zura guga. Ta shayar da fangalinta goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta tsaya tana kallon garka ta ƙarshe, inda irin albasar da aka dasa ranar Talata ya fara kwantawa. Ta yi tsaki, ta sake cika gugan, ta nufi can.